Nazarin Annabi Irmiya cikin mako 8: yadda ake koyar da aminci da biyayya

Bayan kaka, an ɗaure gero da dawa an kai rumbu, ikilisiyoyin ƙasar Katsina, daga cikin birni har Malumfashi, Kafur da Funtuwa, sukan sami sararin zama su yi nazarin Littafi Mai Tsarki a tsanake. In aka ce batun bana aminci ne da biyayya, hankali yakan tafi ga Daniyel ko Yusufu, domin labarinsu ya ƙare da ɗaukaka. Shawararmu a ɗauki Irmiya. Wajen shekara 40 ya yi yana isar da saƙon da aka ba shi. Aka doke shi, aka sa shi a turu, aka jefa shi a rami, Urushalima, birnin da ya yi ta gargaɗi a kansa, ya ƙone, daga ƙarshe aka tafi da shi Masar ba da sonsa ba. Littafi Mai Tsarki bai ma faɗi yadda ya mutu ba. Wanda ya koyi biyayya a wurin irin wannan mutum ba zai yar da ita ranar da ya ga ba ta kawo masa riba ba, kuma irin biyayyar da mutanenmu suke bukata ke nan a wannan zamani.

Shirin mai jagora

Ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin sura 52 ne, in kana karanta sura 4 kowace rana za ka gama cikin kwana 13. Ka gama shi kafin zaman farko, da biro a hannu, kana rubuta sunan sarkin da aka ambata a bakin kowace sura.

Dalilin rubuta sunayen shi ne, ba a jera littafin bisa yadda abubuwa suka faru ba. Sura 21 a zamanin Zadakiya take, sarkin Yahuza na ƙarshe. Sura 26 ta koma baya zuwa farkon sarautar Yehoyakim. Sura 32 tana dab da faɗuwar birni, sai 35 da 36 suka sake komawa Yehoyakim. Wanda ya ce zai bi da jama'a daga sura 1 zuwa 52 a jere, kafin mako na huɗu kansu zai ɗaure, su fara janye jiki.

Maganin wannan kwali ne babba guda ɗaya. Ja layi daga dama zuwa hagu ko daga sama zuwa ƙasa, ka sa waɗannan shekaru, duka kafin haihuwar Almasihu: 627, kiran Irmiya, a shekara ta 13 ta sarki Yosiya; 609, an kashe Yosiya a Magiddo, ɗansa Yehowahaz ya yi wata 3, Yehoyakim ya hau ya yi shekara 11; 605, Babila ta ci Masar a Karkemish; 597, an kwashe sarki Yehoyakin da manyan gari zuwa Babila bayan ya yi wata 3 kacal, Zadakiya ya hau; 586, Urushalima ta faɗi. Tun ranar farko ka bayyana cewa lissafin raguwa yake yi, domin ana ƙirgawa ne zuwa haihuwar Almasihu. In ba ka faɗa ba, rabin masu sauraro za su ɗauka 586 ta riga 627. A kafe kwalin a bango, kowane mako a nuna da yatsa inda aka tsaya.

Mutum 8 zuwa 15 ne daidai. In sun haura 20 a raba biyu, kowane rukuni da mai jagoransa. A zauna a kewaye, kan benci ko tabarma, ba a jere kamar ranar Lahadi ba. Ka kuma lura da kunya irin tamu: matar ɗa ba za ta buɗe baki a gaban surukinta ba, saurayi ba zai faɗi damuwarsa mahaifinsa na zaune ba. Inda haka take, a yi karatu tare, in an zo tambayoyi Zumuntar Mata su ware, maza su ware, matasa su ware.

Kowane mutum biyu su sami Littafi Mai Tsarki ɗaya, kowa kuma da ƙaramin littafin rubutu. Fassarar Hausa ba ɗaya ba ce, akwai tsohuwa akwai sababbi, har rubutun sunaye yakan bambanta, wani Zadakiya wani Zedekiya. Zaɓi ɗaya da za a riƙa karantawa da ƙarfi, sauran a duba su in an so kwatantawa. Ba masu karatu rabonsu tun mako guda kafin lokaci, saboda sunaye irin su Nebukadnezzar da Ebed-melek sukan sa mai karatu tuntuɓe, in ya yi tuntuɓe sau uku hankalin jama'a ya tafi.

Tsarin zama ɗaya

Minti 75 ya isa, misali daga ƙarfe 4:30 zuwa 5:45 na yamma, kowa ya koma gida da ido. A kauce wa ranar kasuwar garin. Minti 5 waƙa da addu'a. Minti 10 kowa ya faɗi abin da ya yi da aikin makon jiya. Minti 15 karatu: a karanta nassin sau biyu da muryoyi daban, a rufe littattafai, wani ya mayar da labarin da bakinsa, sauran su cike abin da ya bari. Wannan ne yake shigo da waɗanda ba su iya karatu ba, kuma sau da yawa tsohuwar da ba ta san baƙi ba ita take riƙe abin da masu boko suka tsallake. Minti 30 tambayoyi. Minti 10 zaɓen aikin mako. Minti 5 addu'ar rufewa.

Tambayoyin huɗu ne, ba sa canjawa. Me Allah ya ce wa Irmiya? Me Irmiya ya yi? Me biyayyar ta jawo masa? Ina wannan ya same ni a makon nan? Kada a tsallake ta uku, ita ce take hana nazarin zama daɗin baki. In ka yi tambaya ka yi shiru, ka ƙirga zuwa 15 a zuci kafin ka sake magana. Babban abin da yake kashe irin wannan zama shi ne mai jagora ya ji tsoron shiru ya koma wa'azi. In maganarka ta wuce kashi ɗaya cikin uku na lokacin, ka yi yawa.

Aikin mako kuwa dole ya zama abu ɗaya, ƙarami, mai rana da wuri, wanda za a iya tambaya an yi ko ba a yi ba. “Zan ƙara aminci” ba aiki ba ne. “Ranar Alhamis zan mayar wa maƙwabcina buhun takin da na ara” aiki ne. A haɗa mutane biyu biyu, namiji da namiji, mace da mace, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta.

Mako na 1 da na 2

A fara da sura 1. Irmiya ɗan firist ne daga Anatot, ƙauye a yankin Biliyaminu, kamar kilomita 5 arewa maso gabashin Urushalima. Da aka kira shi ya kawo uzuri biyu, bai iya magana ba, kuma shi yaro ne. A sa jama'a su ƙirga ayyukan da aka ba shi a aya 10: shida ne, huɗu na tumɓukewa da rushewa, biyu na gini da dashe. A aya 19 ba a yi masa alkawarin za a saurare shi ba, an dai ce za a yi faɗa da shi amma ba za a rinjaye shi ba. Kafin a tashi a karanta 25:3, inda ya ce shekara 23 ke nan yana magana ba su ji ba. Aikin mako: kowa ya rubuta uzurin da ya daɗe yana fakewa da shi, da mataki ɗaya da zai ɗauka duk da uzurin.

Mako na biyu sura 26. Umarnin yana aya 2: ya tsaya a filin Haikali ya faɗi duka, kada ya rage ko kalma ɗaya. Firistoci da annabawa suka kama shi suka ce hukuncinsa kisa. A lura da amsarsa a aya 12 zuwa 15. Bai zagi kowa ba, bai gudu ba, bai janye maganar ba, ya ce ga shi a hannunsu, amma su sani jinin marar laifi za su ɗauka. A surar nan akwai Uriya, wani annabi da ya faɗi irin saƙon, ya tsere Masar, sarki ya sa aka kamo shi aka kashe, shi kuwa Irmiya Ahikam ɗan Shafan ya tsaya masa ya tsira. Wani zai tambaya me ya sa. Kada ka ce don Uriya ya gudu ne aka kashe shi, nassin bai ɗora masa laifi ba. Mutum biyu suka yi aminci, ɗaya ya rayu ɗaya ya mutu, haka aka rubuta, a bar shi haka. Aikin mako ya shafi gaskiyar da aka faɗa rabi: mudun awo, kuɗin adashe, lissafin baiko, bashin da aka ɓoye wa mai gida ko uwargida.

Mako na 3: littafin da aka ƙone

Sura 36, a haɗa da 45 mai aya 5 kawai. A shekara ta 4 ta Yehoyakim, Irmiya ya yi ta faɗa Baruk magatakarda yana rubutawa a naɗaɗɗen littafi, maganar fiye da shekara 20. A shekara ta gaba, wata na 9, wajen Nuwamba da Disamba ke nan, aka kai littafin gaban sarki. Lokacin sanyi ne, kamar tsakiyar hunturunmu, sarki na zaune ga wuta a kasko. Wani bafade mai suna Yehudi yana karanta shafi uku ko huɗu, sarki ya sa wuƙar fiƙe alƙalami ya yanke ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare. Fadawa uku suka roƙe shi kada ya ƙone, bai ji ba.

A nan nuni da hannu ya fi bayani. Haɗa takardu 6 da gam su zama doguwa ɗaya, ka rubuta komai a kai, ka naɗe a kara. Wani yana karanta aya 21 zuwa 25, kai kana yankewa kana sawa a kaskon gawayi, a waje ba cikin ɗaki ba. In ta cinye, miƙa wa wani sabuwar takarda da biro a karanta aya 28 da 32: a ɗauki wani littafi a sake rubutawa, har aka ƙara maganganu da yawa. Duk wanda fari suka taɓa cinye masa gona, ko ya kafa sana'a ta rushe, ya san nauyin sake farawa. Sura 45 kuma ta nuna Baruk ya gaji yana nishi, aka ce masa kada ya nemar wa kansa manyan abubuwa, ransa ne za a ba shi ganima. Masu yi wa ikilisiya hidimar da ba a gani, marubuci, ma'aji, mai shara, su wannan sura take wa magana, a ba su dama su fara amsawa.

Mako na 4: Rekabawa

Sura 35. Irmiya ya kai zuriyar Rekab wani ɗaki a Haikali ya ajiye musu ruwan inabi ya ce su sha. Suka ƙi, domin kakansu Yonadab, wanda ya yi zamani da sarki Yehu fiye da shekara 200 kafin nan (2 Sarakuna 10), ya hana su shan inabi, gina gida, da shuka, ya ce su zauna a alfarwa. Allah ya ce, waɗannan sun riƙe maganar kakansu, mutanena kuwa na yi ta magana sun ƙi ji.

Wuri biyu ake kaucewa a makon nan. Na farko, zaman ya koma wa'azin giya. Maganar giya tana da nata nassosi, a nan kuwa in an ɗauki dokar inabi dole a ɗauki ta hana noma da gini, ba kuwa wanda zai ce manomi ya bar gona. Na biyu, kalmar biyayya ta zama sanda a hannun magidanta, kowa ya juya yana kallon matarsa da 'ya'yansa. Ka mayar da su ga nassin: waɗanda aka tsawata wa mazan Yahuza ne da mazaunan Urushalima, kuma wa Allah suka ƙi biyayya. Tambayar da take aiki ita ce, wace al'adar gidanmu muke riƙe da ita gam, wace maganar Allah kuma muka saki?

Mako na 5: kukan annabi

Wannan ne makon da masu jagora suka fi son tsallakewa, shi ne kuma bai kamata a tsallake ba. A karanta 16:1-9, 12:1-6, sannan sura 20 duka.

A sura 16 an hana shi aure, an hana shi shiga gidan makoki, an hana shi shiga gidan biki. Ka bar jama'a su auna wannan da ma'aunin garinsu. A ƙasar Katsina mutumin da ba ya zuwa ta'aziyya, ba ya zuwa ɗaurin aure, ba ya zuwa suna, ga shi gwauro, me za a kira shi? Ka bayyana cewa umarnin nasa ne shi kaɗai, alama ce ta masifar da take zuwa, domin shi da kansa ya rubuta wa waɗanda suke Babila su yi aure su aurar. A sura 12 'yan'uwansa na gida ma sun ci amanarsa, da ya kai ƙara wurin Allah kuma amsar da ya samu ita ce, in tsere da masu ƙafa ya gajiyar da kai, yaya za ka yi da dawakai?

A sura 20 Fashur, babban jami'in Haikali, ya doke shi ya sa shi a turu ya kwana a Ƙofar Biliyaminu. Bayan an sake shi ya ce wa Allah ya ruɗe shi, ya zama abin dariya, ya yi niyyar daina magana amma maganar ta zama kamar wuta a ƙasusuwansa. A aya 13 yana yabo. A aya 14 yana la'antar ranar da aka haife shi. Kada ka gyara masa, kada ka tsaya a 13 don a tashi da fara'a. Karanta har aya 18. Abin da za a gani shi ne kukan nasa wurin Allah ya kai shi, bai kai shi kasuwa ba, kuma bai ajiye aikin ba.

A makon nan wani zai iya fashewa da kuka, gwauruwa ko wanda aka ɗauke masa ɗa. Kada a yi saurin rufe masa baki da “ka yi haƙuri”. A ba shi lokaci, a yi addu'a, bayan an tashi fasto ko dattijo ya bi shi gida. Abin da aka faɗa a zaman kuma a zaman yake tsayawa, a faɗi wannan doka tun kafin a fara. Sai a yi hattara da wani abu: akan sami mai jin haushin shugabanni ya ce shi ne Irmiya, fasto ne Fashur. Ka tambaye shi cikin ladabi ko ya taɓa yin kuka da addu'a domin mutanen da yake zargi, kamar yadda Irmiya ya yi a 9:1.

Mako na 6: karkiya da wasiƙa

Sura 28 da 29:1-14. Aro karkiyar shanun noma a wurin mai garma, a bar matasa biyu su ɗaga su ji nauyinta. Irmiya yana yawo da karkiya a wuya, alamar a miƙa wuya ga Babila. Wani annabi mai suna Hananiya ya ce cikin shekara 2 za a dawo da kayan Haikali da waɗanda aka kwashe. Irmiya ya ce amin, Allah ya sa, amma mai annabcin salama sai maganarsa ta cika ake sanin an aiko shi. Hananiya ya cire karkiyar ya karya. Aya 11 ta ce Irmiya ya yi tafiyarsa. A tsaya a nan: ba shi da sabuwar magana daga Allah, bai kuwa ƙirƙiro ba don ya kare mutuncinsa a gaban taro. Sai daga baya aka aiko shi da maganar karkiyar ƙarfe. Hananiya ya yi maganarsa a wata na 5, ya mutu a wata na 7.

Sura 29 wasiƙar Irmiya ce ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila. Aya 11, inda Allah ya ce nufinsa gare su na alheri ne ba na masifa ba, kowa ya haddace ta, tana jikin kalanda da motoci. Kada ka bari a fara da ita. A fara daga aya 4: ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku yi aure, ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku, ku yi masa addu'a, gama lafiyarsa ita ce lafiyarku. Sannan aya 10, sai bayan shekara 70 za a dawo da su. Yawancin manyan da suka ji an karanta wasiƙar a Babila suka mutu. Alkawarin gaskiya ne, amma ga jama'a aka yi shi, kuma jikoki ne suka ga cikarsa. Ka kuma tsare bakin mutane kada wani ya mayar da maƙwabtanmu Musulmi Babila. Mu ba bayi aka kawo mu ba, ƙasar kakanninmu ce, rijiya ɗaya muke sha. In waɗanda aka kai bauta an umarce su su nemi lafiyar garin da ya ci su da yaƙi, balle mu da garinmu. Aikin mako a nan na unguwa ne: yashe kwata, dubiyar maƙwabci marar lafiya, addu'a ga mai unguwa da hakimi da sunan sarautarsu.

Mako na 7: gonar Anatot

Sura 32, shekara ta 10 ta Zadakiya. Sojojin Babila sun kewaye birni, Irmiya yana tsare a farfajiyar matsara. Hanamel ɗan baffansa ya zo ya ce ya sayi gonarsa ta Anatot, domin shi ne dangi mai hakkin fansa. Ya saya da shekel 17 na azurfa, wajen giram 200. A bi cinikin ɗaya bayan ɗaya, domin jama'a sun san irinsa a gaban mai unguwa ko dagaci: an auna kuɗi a ma'auni, an rubuta takarda, shaidu sun sa hannu, kwafi ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe, aka ba Baruk ya sa a tukunyar ƙasa don su daɗe. A kawo tulu da takardu biyu a yi a gaban kowa.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne jerin abubuwan. Ya sayi gonar tukuna, sannan ya yi addu'a yana cewa, ga birni ya kusa faɗuwa, kai kuwa ka ce in sayi gona. Biyayya ta riga fahimta, tambaya kuma ba ta zama laifi ba. In akwai waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a wajen Batsari, Faskari ko Ƙanƙara, ka bi da su a hankali. Nassin bai ce kowa ya koma daji ya sa ransa a haɗari ba, kada kuma ka yi wa kowa alkawarin baɗi zai koma gona. Abin da za a iya tambaya shi ne, wane ƙaramin abu na sa zuciya zan yi a inda nake: sa yaro makaranta, dasa itace, koyon sana'a.

Mako na 8: rami da kwana goma

Sura 38:1-13, 39:15-18, sannan 42:1 zuwa 43:7. Ka bayyana ramin da kyau. Ba rijiya ba ce irin Kusugu ta Daura da ruwa yake tsattsafowa, ramin tara ruwan sama ne da ake haƙawa a dutse, baki ƙarami ciki da faɗi kamar tulu. Ba ruwa a ciki sai laka, Irmiya ya nutse a ciki. Wanda ya je gaban sarki ya yi magana baƙo ne, Ebed-melek mutumin Kush, kudu da Masar, bafaden gidan sarki. Wata fassara ta ce da mutum 30 ya tafi, wata ta ce 3, kada a ɓata lokaci a kai. A tsaya a kan tsummokin: ya bi ta ɗakin ajiya ya ɗebo tsofaffin tufafi, ya zura masa, ya ce ya sa a hamata don kada igiya ta ci masa jiki. Riƙe igiyar guga a hannu ka bar su su taɓa kaushinta. Ba kowa aka kira ya zama Irmiya ba, amma aikin mai tsummoki kowa zai iya.

Bayan birni ya faɗi, Babilawa suka ba Irmiya zaɓi, ya tafi Babila a kula da shi ko ya zauna. Ya zauna da talakawan da aka bari. Da aka kashe Gedaliya, gwamnan da Babila ta naɗa, Yohenan shugaban sojoji da jama'a suka roƙe shi ya tambayar musu Allah, suka rantse ko da daɗi ko ba daɗi za su bi. Kwana 10 ya jira kafin amsa ta zo: ku zauna a ƙasar, kada ku tafi Masar. Suka ce ƙarya yake, Baruk ne ya zuga shi, suka tafi da su biyun har Tafanes ta Masar. Alkawari kaya ne, su kuwa sun riga sun ɗaure kayan tafiya kafin su yi tambaya. A tambayi jama'a a fili, sau nawa muke zuwa neman addu'a ko shawarar fasto alhali mun gama yanke hukunci?

Minti 10 na ƙarshe a karanta 31:31-34, alkawarin da za a rubuta doka a zuciya, a haɗa da Luka 22:20 inda Yesu ya ɗauki ƙoƙon ya kira shi sabon alkawari. In ba a kai nan ba, masu rauni za su tashi da jin an ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba.

Kafin a watse a sa ranar sake haɗuwa bayan mako 4, kowa ya zo da littafin rubutunsa. A zaman nan ba sabon nassi. Mutum biyun da aka haɗa su buɗe ayyukan nan 8, su yi alama a kan wanda aka yi, wanda ba a yi ba kuma a sa masa sabuwar rana. A naɗe kwalin shekarun, a ɗaure da zare, a miƙa wa wanda zai jagoranci rukuni na gaba, zai fi kyau ya kasance cikin waɗanda suka halarci dukan zaman 8.